Maganin ƙarfin farce: abin da nake gaya wa mata kafin in buɗe kwalba

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Tun da hunturu ya fara busowa saƙon da ya fi cika min waya shi ne na farce, wagga ta turo hoto, waccan ta turo murya, Anti farcena na ɓarewa, Anti wane mai zan saya, an ce akwai wanda in anka shafa sati ɗaya farce ya koma kamar da. Toh na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya duk mai buƙata ta karanta, don ni aikina ke nan, ƙunshi da gyaran hannu da ƙafa a ɗan shagona nan Birnin Kebbi, kuma wallahi abin yana damuna yadda ake karɓar kuɗin mata a kan alƙawarin da ba zai cika ba.

Farcen da kike gani a yatsanki ba shi da rai. Keratin ne, irin abin da gashi ya ƙunsa, an jera shi hawa hawa, kuma can ƙarƙashin fatar gindin farce ake ƙera shi yana turowa gaba a hankali. Shi ya sa in kin yanke shi ba ki jin zafi, kuma shi ya sa in anka kankare samansa ko anka ɓare shi wurin ba zai cike ba, ba ya warkewa irin na fata, sai dai sabo ya fito ya ture tsohon. Na hannu yana yin wajen milimita 3 a wata, kafin ya sake gaba ɗaya sai wata 4 zuwa 6, na ƙafa kuwa shekara har zuwa shekara da rabi. Mu da muke ƙunshi ba mu buƙatar wani ya auna mana wannan. Ki duba jan lallen da kinka sa da ƙaramar sallah, in babbar sallah ta zo za ki ga ya hau zuwa wajen rabin farce, ƙasa kuma fari tas, wata biyu da kwana goma ke nan fa, kuma rabi kawai ya ci. Don haka duk wadda ta ce miki kwalbarta za ta gyara farce a sati ɗaya, ki riƙe kuɗinki. Abin da mai kyau daga cikin magungunan nan yake yi shi ne ya riƙe tsohon kada ya ƙara tsagewa har sabon ya iso, kuma wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne.

Waɗanda sunka fi ba ni tausayi amare ne. Za a manna wa yarinya farcen roba saboda hotunan biki, wani lokaci ma da supa gulu irin na gyaran takalmi, ana gama biki tana son ta yi sallah babu mai cire mata, sai ta sa haƙori ko reza ta ɓamɓare. Wata anka kawo min daga Jega, uwar ɗakinta ta riƙo hannunta ta ɗora min a cinya ta ce Hajiya dubi abin da anka yi wa ɗiyata. Farcen ya yi ja ja, samansa duk fari fari a kurje, na danna da ɗan yatsa ya lotsa, bakinsa ya rabu biyu kina iya ɗaga na saman da tsinke, ta ce ko ruwan ɗumi ta taɓa sai ta ji har ranta. Abin da ya faru shi ne kafin a manna an goge saman da fayil sosai don gam ya kama, da ta ɓamɓare kuma robar ta tafi da wani hawan na farcenta. Ban shafa mata komai mai ƙarfi a ranar ba, na rage mata su ƙasa ƙasa, na daidaita bakin da fayil mai laushi ta gefe ɗaya ba gaba da baya ba, na murza mata mai na ce ta je ta dawo.

Abin da masu shago da yawa ba su tsayawa su duba shi ne lalacewar farce iri biyu ce, kuma maganin ɗaya yana ƙara wa ɗayan ciwo. Akwai wanda ya yi laushi yana lanƙwashewa yana yagewa, akwai kuma wanda ya bushe ya yi tauri da ya bugi bakin tukunya sai ya ɓalle. Mafi yawan kwalaben da ake cewa hadna, wato masu taurara farce, da yawansu akwai fomalin a ciki, a jikin kwalba za ki ga an rubuta formaldehyde ko formalin ko methylene glycol. Aikinsa ya ɗaure keratin ɗin nan da juna ya yi tauri. Ga mai farce mai laushi yana taimakawa na ɗan lokaci, amma in anka ɗora shi a kan wanda dama a bushe yake, ko anka yi ta shafawa wata da watanni, sai farcen ya zama kamar busasshen kara, babu lanƙwasa sai karyewa, wasu ma farcen ya fara ɗagowa daga naman ko fatar gefe ta yi ƙaiƙayi ta kumbura. Kuma a garin nan namu, tsakanin iskar hunturu da zafin bazara da hannu kullum cikin ruwan omo da haifo, cikin mata goma da za su zauna gabana mafi yawansu bushewa ce matsalarsu, tauri ba shi sunka rasa ba.

Ruwa ma yana cikin masu laifi, ko da yake mutane ba su yarda in na faɗa. Farce yana shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, a yi ta haka safe da yamma sai hawa hawan nan su fara rabuwa daga baki. Ki duba hannun mai wanke wanke a gidan abinci ko masu turara shinkafa, za ki gane. Safar hannu ta roba lokacin wanki da wanke wanke ta fi wata kwalba mai tsada aiki, sannan mai, man kaɗe ko man zaitun ko bazalin, a murza a farcen da fatar gindinsa da dare in an gama sallar isha'i, da kuma duk sanda anka gama aikin ruwa. Na san wata za ta ce haba Anti man kaɗe kawai, eh shi ɗin, amma kullum.

Sai na shago na gaske, waɗanda ake gasawa a fitila ta musamman da ake sa hannu ƙarƙashinta su daskare. Akwai jel mai kauri da ake ginawa a saman farce, suna ce mishi bilda jel, yana zama garkuwa, farce ya yi tsawo a ƙarƙashinsa ba tare da ya karye ba, ana gyara shi bayan sati 2 zuwa 3. Yana da kyau a hannun wadda ta iya, amma ki sani da an cire shi farcenki yana nan yadda yake, bai ƙara mishi komai ba, kuma wajen cirewa ne ake ɓarna, in irin mai narkewa ne ya kamata a jiƙa auduga da asiton, wato ruwan nan na cire jan farce, a naɗe minti 10 zuwa 15 ya saki da kansa, ba a sa ƙarfe a yi ta kankara ba. Asiton ɗin kansa yana busar da farce, shi ya sa ba a son yawan sawa da cirewa. Akwai kuma wani da ake kira IBX, shi ruwa ruwa ne, ana shafawa a ɗumama shi ya shiga cikin saman farcen, a goge ragowar sannan a gasa a fitila, yana haɗa wuraren da sunka rabu, ana maimaitawa lokaci lokaci. Duk waɗannan in fitilar ta yi rauni ko ba ta dace da jel ɗin ba, ko anka yi gaggawa don man janareto zai ƙare, ciki ba ya gasuwa, ɗanyen jel ɗin nan in yana taɓa fata shi ke jawo wa mutum borin jini a yatsu, kuma in ya kama ki da wuya ya rabu da ke. Farcen roba na akrilik mai arha mai warin nan da ke hawa kai, wanda ko an jiƙa ba ya saki, sau da yawa sinadarin MMA ne, tun shekarun 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa saboda yadda ya lalata wa mata farce, amma har yau yana yawo a kasuwanni. Ki nemi a nuna miki kwalba, haƙƙinki ne, kada ki yarda da abin da anka juye a wata roba babu suna.

Yanzu maganar da ta fi duka, alwala. Duk abin da ya yi rufi a saman farce, jan farce ne ko hadna mara kala ko jel, yana hana ruwa isa, kasancewarsa garai garai ba a ganinsa bai canza komai ba, na sha ganin mata suna zaton tunda magani ne ba kwalliya ba ai babu laifi. Ni kam sai na faɗa kafin in shafa. Wasu suna jira sai lokacin da ba su sallah, toh shi ke nan, amma ki lura kwana kaɗan ne sai a zo cirewa da asiton, in kina haka duk wata kina iya fitowa da asara. Shi kuwa mai shiga cikin farce, a kai wa malamai bayanin yadda yake aiki su ba da hukunci, ba mai shago za ta yanke ba. Wannan ne ya sa nake son jan lalle na gargajiya, rini ne yake kama farcen ba rufi ba, ba a cire shi da komai, kuma mace in ta ga hannunta ya yi kyau tana daina cizo da ɓare baki. Na ganye nake nufi zalla, ban da baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi mai PPD, shi yana ƙona fata.

Wani farcen kuma ba na shago ba ne sam, kuma ba na jin kunyar in ce wa mace Yaya wannan ya fi ƙarfina. In ya yi siriri ya lotsa a tsakiya har ɗigon ruwa na iya zama a ciki, ga gajiya ga jiri, sau da yawa ƙarancin jini ne, musamman masu ciki da masu shayarwa, a je asibiti a auna jini, ko Sir Yahaya ko wanda ya fi kusa da ke, a kuma dage da hanta da wake da zogale da kifin nan namu na Yauri da Argungu. In ya yi kauri ya yi ruwan ɗorawa yana marmashewa fangas ne, in kore ya fito a ƙarƙashin roba ƙwayar cuta ce ta samu danshi, rufe su da jel ƙara musu gida ne. Baƙin layi da ya fito sabo a farce ɗaya yana faɗi, wannan likita kai tsaye. Masu shan bitamin ɗin nan biotin don gashi da farce kuma ku riƙa gaya wa likita kafin gwajin jini, a 2017 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yana rikita sakamakon wasu gwaje gwaje har da na zuciya. Farin ɗigon da ke fitowa kuwa yawanci buguwa ce, zai fita da kansa.

'Yan uwana masu shago, dan Allah mu daina yanke fatar gindin farce har jini, ita ce ƙofar da ta tare datti, a jiƙa a tura ta baya a hankali ya isa, daga yanke ta ne ake samun kumburi da ruwa a gefen yatsa. Almakashi da abin yanke farce a wanke a tafasa tsakanin mutum da mutum saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini, fayil na takarda kuma kowa da nata, in kina zuwa shago a kai a kai ki sayi naki ki riƙa zuwa da shi a jaka, ba wadda za ta ji haushi in ta san aikinta.