Asabar, Tudun Wada

Yau dai na tsayar da magana a raina, in Allah ya kai mu na gama karatu a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello, na yi bautar ƙasa, aikin mataimaki a Majalisar Tarayya zan nema, kuma ɓangaren kwamitin tsaro nake so.

Yayan abokina ne ya shigo Zariya ɗaurin aure, yana aiki da wani ɗan majalisa a Abuja, bayan la'asar muka zauna wajen mai shayi. Na ce Yaya wai don Allah me kuke yi ne a ofis ɗin nan? Ya ce karatu da rubutu, shi ke nan. Ƙudirin doka zai zo da kauri, oga yana zaman majalisa ga mutanen mazaɓa sun cika ƙofa, kai ne za ka kwana a kansa ka fito da shafi ɗaya: me dokar ke cewa, wa za ta ba iko, nawa za ta ci, ina ta ci karo da tsarin mulki. Har tambayoyin da za a yi wa hafsoshin tsaro ranar kare kasafin kuɗi su ke tsarawa.

Sai muka faɗa maganar ƴan sandan jihohi, nan fa hira ta yi tsawo har shayina ya huce. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar ƴan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, in za a canza sai kashi biyu bisa uku na sanatoci 109 da wakilai 360 sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su ma su amince. Ni ina goyon baya wallahi, duk wanda yake da dangi a Giwa ko Birnin Gwari ya san abin da ake nufi da jiran umarni daga nesa. Amma Yaya ya tambaye ni wa zai naɗa kwamishina, wa zai biya albashi a jihar da malaman makaranta ma sai sun yi jira, kuma me zai hana gwamna ya juya su kan ƴan adawa kamar yadda tsofaffi ke ba da labarin ƴan dokan En'e a zamanin NEPU. Ya ce amsar waɗannan duk a cikin layukan doka take, kuma wani ne zai zauna ya rubuta su. To ni ina so in zama wannan mutumin, don na gaji da ganin manoma sun bar gonakinsu muna ta Allah wadai a Facebook kawai.

Da za mu rabu ya ba ni aiki, in karanta dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 in taƙaita masa a shafi ɗaya kafin Juma'a. Na sauke ta a waya tun a cikin keke napep, Litinin da sassafe sai laburare.