Reshen almon a bangon falo: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon ƙawata ɗaki, aikin bangon falo ya kai matakin da zan iya ba ku labari, domin hoton ya hau bango, saura gyaran haske da labule. Zanen da na zaɓa shi ne na furannin itacen almon, wanda mai zane Vincent van Gogh ya yi a watan Fabrairu na 1890 a garin Saint-Rémy na kudancin Faransa, don murnar ɗan da aka haifa wa ƙanensa Theo. Asalinsa yana gidan adana zane-zanen Van Gogh a Amsterdam. Babu mutum ko dabba a cikinsa, rassa ne kawai da fararen furanni a kan shuɗin sama, kuma wannan ya sauƙaƙa mini, tunda a gidanmu ba a rataye hoton mai rai. Duk da haka na kauce wa bangon alƙibla, domin baƙi sukan yi salla a falon.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne cewa zanen ne ya kamata ya zaɓa wa ɗaki launi. Yawancinmu mukan gama fenti, mu sayi kushin da kafet da labule, sannan mu shiga neman hoton da zai cike gurbin da ya rage, shi ya sa hoton kan zama kamar baƙon da aka gayyata bayan an gama rabon abinci. Ni da zanen na fara. Na ɗauki bugun gwaji na tafi da shi shagon fenti, na riƙa kara shi da katin launuka har na sami farin da ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, irin na furannin. Shuɗin kuwa ban yarda ya hau bango ba, domin idan bango ya yi shuɗi, zanen zai nutse a cikinsa. Na bar shi ya bayyana a matasan kujera kaɗai.

Samun hotunan tsofaffin zane-zane a intanet ba shi da wuya yanzu. Tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki dubban ɗaruruwan hotunan tsofaffin ayyuka kyauta, haka kuma gidan tarihi na Rijksmuseum da ke ƙasar Holan yana barin a sauke nasa. Sai dai kowane gida da ƙa'idarsa, don haka ku karanta kafin ku sauke. Ku kuma lura da girman hoton: bugu mai faɗin santimita 60 yana bukatar hoton da faɗinsa ya kai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su yi hoto a kwamfuta) 3,500 ko fiye, in ba haka ba sawun burushin da ke ba zanen rai zai koma dishi-dishi.

A wurin mai bugu ne na fi ɗaukar lokaci. Da farko ya so ya buga mini a kan ledar banna, wadda suke yi wa 'yan siyasa da masu biki, domin ta fi arha kuma ba ta jin ruwa. Na ƙi, saboda ledar tana ƙyalli, saƙarta kuma tana fitowa ta cikin launi. Muka buga ƙaramin yanki a kan takarda mai kauri marar sheƙi, na fita da shi waje na duba a hasken rana. A nan ne na ga yadda Van Gogh ya zagaye kowane reshe da baƙin layi mai kauri, salon da ya koya daga zanen Japanawa, da yadda shuɗin ba ɗaya ba ne, wani wuri ya karkata zuwa kore, wani wuri ya yi duhu. Bugun farko ya haɗiye wannan bambanci, sai da mai injin ya rage ƙarfin launin sannan ya fito.

Kafinta ya yi firam siriri na katako, ba ado, ba ruwan zinariya. Na sa an yanka farin kwali an kewaye hoton da shi, kuma amfaninsa ya wuce kyau, domin yana hana takarda taɓa gilashi, wanda idan danshin damina ya shigo sai su manne. Bayan firam ɗin kuma mun like shi da tef na takarda ta kowane gefe, saboda ƙurar hunturu ta baya take shiga.

Wajen ratayewa na bi ma'aunin da gidajen baje zane suka saba da shi, wato tsakiyar hoton ya kasance kimanin santimita 145 daga ƙasa. Mu mun saba kai hoto can kusa da silin, kusa da agogo, inda sai an ɗaga kai ake ganinsa. A falon da ake yawan zama a kan kafet ma, ina ganin gara a ƙara sauke shi kaɗan. Bangon ba ya fuskantar taga, kuma da gangan na yi haka: furannin asalin zanen sun fi haka ja-ja a da, haske ne ya koɗar da su, to ina ga tawadar inji a ranar bazara.

Ban da labule, abin da ya rage shi ne ƙwan lantarki. Mai launin rawaya da ke falon yana kashe shuɗin da dare, ya mayar da shi toka-toka, don haka zan gwada fari mai taushi a mako mai zuwa. Wanda ya riga ya gwada wannan a ɗakinsa, ina son jin irin ƙwan da ya yi masa daidai kafin in saya.