Ezra bai nemi soja ba, Nehemiya ya tafi da mahayan dawakai

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majami'unmu a nan Sakkwato, da zarar an shiga tashin hankali sai ka ji wani ya ce "ni dai ba inda za ni, Allah na nan", kuma yadda yake faɗinta kamar duk wanda ya kwashe 'ya'yansa ya kai Zuru ko Jos na ɗan lokaci bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Su kuma waɗanda sunka tafi sai su riƙa cewa na zaune ba su da hankali. Wanga abu yana damuna ƙwarai, don kowane ɓangare da ayarsa a baki.

Ku buɗe Ezra sura 8. Mutumin nan zai taso daga Babila zuwa Urushalima da mata da yara da azurfa da zinariya na Haikali masu ɗimbin yawa, tafiyar da ta ci wata 4, hanya kuma cike da 'yan kwanton ɓauna, wato dai abin da mu yau za mu ce 'yan bindiga. A bakin kogin Ahawa ya tara jama'a sunka yi azumi, kuma shi da bakinsa ya ce kunya ta hana shi roƙon sarki Artashate ya ba shi sojoji, tunda ya riga ya gaya wa sarkin cewa hannun Allah na bisa masu nemansa. Sunka tafi haka nan, sunka isa lafiya.

Bayan shekara 13 ga Nehemiya, sarki ɗaya, gari ɗaya za shi. Shi kam wasiƙu ya nema zuwa ga gwamnoni, har da takardar katako, sarki ya haɗa shi da shugabannin sojoji da mahayan dawakai, bai ce a'a ba. Kuma me ya ce game da hakan? Hannun Allahnsa ne ke bisansa. Kalma guda fa da ta Ezra. Ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya tsawata wa ɗaya ya yabi ɗaya ba, a sura 8 ta Nehemiya ma tare za ka gan su gaban jama'a ana karanta Attaura.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne Ezra ɗin ma ba sakaci ya yi ba. Kafin su ɗaga ƙafa sai da ya auna kayan nan kaf, ya damƙa su ga firistoci da Lawiyawa da lissafi, da aka isa kuma aka sake aunawa aka rubuta. (Ma'ajin ikilisiya, wannan taku ce, ba na son in tsawaita.) Nehemiya kuwa da dare ya zaga ya duba garun Urushalima da za a sake ginawa bai gaya wa kowa ba, da barazanar su Sanballat masu adawa da aikin ta yi yawa ya ce sun yi addu'a ga Allah sun kuma sa matsara dare da rana. Garu ya ƙare cikin kwana 52. Hausawa sun ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan.

Duk wanda yake garin nan a watan Mayu 2022 ba sai an ba shi labari ba. Ranar 12 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ranar 14 gari ya rikice har gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24, an farfasa tagogi a babbar majami'ar Holy Family. Bishop Kukah na Katolika a Sakkwato, wanda ko maƙiyinsa ba zai ce masa matsoraci ba, dakatar da sujada ya yi a cikin birni har sai an ɗage dokar. Ni a wurina wannan aikin makiyayi ne. Da ya ce kowa ya fito ranar Lahadi don a nuna bangaskiya, da wa za a tambaya in an rasa rai? Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali ya ce yi tsalle mala'iku za su tare ka, Ubangiji ya ce kada ka gwada Allahnka.

A waɗancan kwanakin ne kuma labari ya bazu a WhatsApp cewa an ƙone gidan Bishop, sai da ofishinsa ya fito ya ƙaryata. Mu fa munka riƙa tura shi, da hannunmu, wasu har da "a tura wa kowa, a yi addu'a". 'Yan'uwa, sa kalmar addu'a a ƙarshen ƙarya ba ya mayar da ita gaskiya, tsoro kawai take ƙara wa tsofaffinmu da ke gida suna jiran waya, wani lokacin ma ta tunzura matasa. Fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan, amma wannan labarin bai yi gudun na ƙaryar ba.

Rikici kuma ba na addini kaɗai ba ne. Mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo, yawancinsu Musulmi, sun sha wuyar 'yan bindiga fiye da yadda mu na cikin gari za mu iya kwatantawa, in muna addu'ar dare mu riƙa ambatonsu. Ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ga cire tallafin mai da ya biyo baya, kwanon gero ya fi ƙarfin mai albashi. Yusufu a Masar kashi ɗaya cikin 5 na amfanin gona ya sa a ajiye a shekaru 7 na ƙoshi, ba wanda ya ce masa ba ya dogara ga Allah. Matan zumunta da ke adashe su sayi hatsi da kaka sun riga mu gane wannan wa'azin tuni, mu maza sai surutu.

To in Baba Fasto ya ce an mayar da addu'ar dare zuwa ƙarfe 4 na yamma, kada a fara gunaguni a bayan coci wai ya ji tsoro. In ɗan'uwa ya ƙi bin hanyar Gusau bayan la'asar, a bar shi ya kwana. Wanda kuma ya yi azumi ya ji a ransa zai zauna ya ci gaba da buɗe shagonsa, ba sai an kira shi wawa ba, ka dai tambaye shi ko yana da lambar maƙwabcinsa Alhaji da ta mai unguwa a waya, kuma yaransa sun san gidan da za su shiga in abu ya tashi shi yana kasuwa.