Masu binciken bakteriyar da ke ciyar da wake

Mafi yawan ɗaliban da ke karatun ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Jihar Gombe ko a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi, idan ka tambaye su ina suka dosa, ɗakin gwajin jini na asibiti za su ambata. Ba laifi ba ne, amma ina ganin mun bar wani fanni a baya wanda ya fi kusa da tukunyarmu, wato binciken bakteriyar da ke zaune a cikin ƙasa tana ciyar da shuka.

Duk wanda ya tuge wake ko gyaɗa a lokacin da suka fara fure zai ga 'yan ƙwallaye manne da saiwa. Idan aka fasa ɗaya da farce aka tarar cikinta ja-ja, to bakteriyar da ake kira Rhizobium ko 'yar'uwarta Bradyrhizobium tana aiki: tana kama sinadarin naitirojin, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, tana mayar da shi abincin shuka, ita kuma shukar tana biyanta da sukari. Idan cikin fari ne ko kore, ba abin da ake samu. Manomanmu sun daɗe da sanin cewa dawa ta fi kyau a gonar da aka yi wake bara, tun kafin Martinus Beijerinck, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya ware wannan bakteriya a 1888.

Aikin mai binciken yana bukatar haƙuri fiye da basira. Zai debo ƙwallayen daga gonaki daban-daban, ya wanke bayansu da magani, ya murƙushe su, ya shafa ruwan a kan faranti mai abincin bakteriya, sannan ya jira, domin irin bakteriyar da ke zama a saiwar waken suya yakan ɗauki kusan mako guda kafin ya bayyana. Daga nan sai gwaji a tukwanen yashi da aka gasa, sai kuma gona, damina bayan damina, don a gano wanne iri ne ke jure zafi da fari, kuma yake iya ture bakteriyar da ya tarar a ƙasar ya shiga saiwa.

Brazil ce ta nuna inda wannan haƙuri ke kaiwa. Johanna Döbereiner ta isa ƙasar a 1950 bayan ta karanci aikin gona a Jamus, kuma a shekarun 1960 ta dage cewa noman waken suya na Brazil ya dogara da bakteriya maimakon takin naitirojin, a zamanin da duniya ta karkata ga takin zamani. Ta rasu a 2000. Ɗalibarta Mariangela Hungria, ta hukumar binciken noma ta Embrapa, ta ci gaba da aikin sama da shekara 40, har aka ba ta babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025. A yau ana amfani da irin waɗannan bakteriya a fiye da hekta miliyan 40 a Brazil.

A gida ma ba a zauna ba. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta samar da nau'o'in waken suya na TGx masu iya haɗa kai da bakteriyar ƙasarmu, sannan tana sarrafa garin NoduMax, mai ɗauke da bakteriyar, da ake cakuɗa shi da iri kafin shuka. Shirin N2Africa na bunƙasa noman dangin wake a Afirka, ƙarƙashin jagorancin Ken Giller na Jami'ar Wageningen da ke Holan, ya yi aiki da manoman arewa, ya kuma horas da ɗalibai a matakin digiri na biyu da na uku.

Matsalar da ta rage tamu ce. Garin nan mai rai ne, kuma zafin watan Afrilu a cikin shagon kwano a Gombe ya isa ya kashe shi tun bai kai hannun manomi ba. Dole a ajiye shi a wuri mai sanyi, a dama shi da ruwan ƙaro don ya kama iri, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Ko an yi duk wannan, idan ƙasa ba ta da sinadarin da takin supa ke bayarwa, ƙwallayen ba za su yi kirki ba, sai manomi ya ce an sayar masa da toka. Neman irin bakteriyar da ta saba da ƙasar Kaltungo, Billiri ko Dass, da dabarar adana ta ba tare da firij ba, aiki ne da ya fi dacewa da wanda ya taso a nan, ya san lokacin da ruwa ke yankewa. Tsangayoyin aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Kashere da ATBU da kwalejin Dadin Kowa suna da filin gwaji, kuma ɗalibin da ke neman maudu'in binciken kammala digiri zai iya farawa da fartanya da 'yar leda a gonar mahaifinsa.