Rikodin ɗin karatun Asabar ya dawo bayan kwana huɗu

Alhamdulillahi 'yan uwa, fayil ɗin nan da ya hana ni barci tun daren Asabar ya buɗe. Jiya Laraba wajen ƙarfe tara da rabi na dare na ga fayil ɗin bidiyo na mp4 ya fito a folda, na danna, na ji muryar Malam yana sallama, wallahi ban san sanda na miƙe tsaye ba. Bari in faɗa muku yadda aka yi, don na san cikinmu akwai masu riƙe rikodin na karatu ko na mitin ɗin ƙungiya da irin laftof ɗina mai gajiyayyen batir.

Kun dai san ni ke ɗaukar karatun fiƙihun da muke yi ta Zoom duk Asabar bayan Isha'i. Malam yana gidansa a cikin birnin Zariya, ni ina ɗakina a Tudun Wada, ɗalibai wasu a Samaru, wasu Kaduna da Abuja, har da biyu da ke karatu a Masar. A kan kwamfuta nake ajiyewa ba a ma'ajiyarsu ta intanet ba, don in na bar shi a can sai na sake ƙona data wajen saukewa, a waya kuma kun san ba a iya ajiye rikodin ɗin Zoom a cikinta sam. Toh ranan babin gado aka shiga, awa biyu da minti goma, Malam ya ɗora shafin littafin a allo yana lissafi da hannunsa, sumuni, sudusi, wa ya kange wa, tambayoyi kuwa kamar ruwan sama. Irin karatun da ko ka ce a maimaita ba zai fito haka ba.

Aka yi addu'a aka tashi, ɗan akwatin nan da Zoom ke nunawa in yana juya rikodi zuwa bidiyo ya fito, ya kai kashi sittin da wani abu, sai ɗif aka ɗauke wuta. Batir ɗina ko minti biyar ba ya yi. Kafin in fita in roƙi maƙwabcina ya tada janareta allo ya yi baƙi.

Da safe na kunna na shiga Documents, na shiga Zoom, ga foldar nan mai kwanan wata da lokaci, a ciki akwai double_click_to_convert_01.zoom da ɗan uwansa 02, sai wani guntun mp4 da ba ya buɗuwa. Wanda bai taɓa faɗawa wannan ramin ba ya sani, wannan fayil ɗin ba bidiyo ba ne tukunna, ƙullu ne, sai an dama ya zama koko. Lokacin da ake mitin ɗanyen abu ake rubutawa, sai an rufe sannan a juya shi zuwa mp4 na bidiyo da m4a na murya. Abu ɗaya da na yi daidai tun farko shi ne kafin in taɓa komai na kwafe foldar gaba ɗaya na zuba a filash na jefa a aljihun jakata. Duk gwaje-gwajen da suka biyo baya hankalina na kan cewa asalin yana nan.

Na danna sau biyu kamar yadda sunan ya ce. Ya fara, ya kai kashi talatin, ya ɓace. Na sake, haka. Na shiga cikin Zoom ɗin kansa wajen Recorded na danna Convert, daidai wajen talatin ɗin nan ya sake tsayawa, kullum wuri ɗaya kamar jakin da ya ga rami. Na canza wa kwafi suna zuwa mp4 na ba VLC, manhajar kallon bidiyo, ya ƙi, kuma dole ya ƙi don canza suna ba ya canza abin da ke ciki. Ranar Litinin da raina ya gama ɓaci na yi abin da har yanzu nake nadama, na sami wani shafi a intanet da ya ce yana juya kowane irin fayil, na loda masa. Data ta gigabait biyu da ɗoriya ta tafi, awa uku ina zaune ina kallon layi yana rarrafe, ƙarshe ya ce bai san wannan nau'in ba. Datar ta yi min ciwo amma abin da ya fi damuna daga baya shi ne a cikin karatun nan akwai matan aure da suka yi tambaya kan gadon gidansu da muryarsu, ni kuma na ɗauka na miƙa wa mutanen da ban san ko su waye ba. Amana ce aka ba ni. Na faɗa wa Malam, na ce Allah gafarta Malam ga kuskuren da na yi, ya ce a kiyaye gaba. Don Allah kar wanda ya bi wannan hanyar.

Talata na hau keke na tafi PZ wajen wani mai gyara. Ya saka manhajar dawo da fayilolin da aka goge, na ce masa oga ai ba gogewa aka yi ba ga fayil ɗin nan a gabanka, ya ce in bari dai. Bayan awa ɗaya ya ɗago ya ce sai dai a yi fomatin a sake Windows. Na ce a'a ba ni kayana haka. Naira 4,000 ya karɓa ban da kuɗin mota. A ƙungiyarmu ta WhatsApp kuma kowa sai tambaya yake ina karatun Asabar, ɗaya daga cikin na Masar ma da bai samu shiga ba ranan sau uku yana min magana, ni kuwa ba abin da nake iya rubutawa sai in sha Allahu.

Yadda na gano matsalar ko kaɗan ba dabara ba ce. Laraba da safe zan ajiye wata 'yar takarda sai idona ya kai kan C, wato ma'ajiyar cikin kwamfutar, layin ya yi ja jawur, saura megabait 400 da 'yan kai. Rikodin ɗin wata goma sha huɗu ne jibge a ciki ban taɓa kwashewa ba. Nan take abin ya faɗo min. In ana juyawa ɗanyen fayil yana nan zaune bai tafi ba, sabon mp4 kuma yana buƙatar nasa wurin a gefe. Daren Asabar akwai ɗan sarari shi ya sa ya kai sittin, amma guntun da ya mutu ya ci wuri, toh ina zai rubuta? Shi ya sa kullum yake kaiwa wuri ɗaya ya tsaya. Ɗauke wuta ce ta fara jawo abin, amma kwana ukun da suka biyo baya cikar kwamfutata ce, kuma ina kallonta kullum ban gani ba.

Na daure na sayi had dis na waje mai terabait ɗaya, na hannu, naira 35,000, kuɗin da na ware don batir ne wallahi. Na kwashe tsofaffin karatu duka, C ya samu gigabait 40. Na goge guntun mp4 ɗin. Ban yarda in yi a ɗakina ba, na ɗauki laftof na tafi wajen abokina a Gyallesu mai sola. Na rufe Zoom gaba ɗaya, na shiga AppData, Roaming, Zoom, bin, na ja fayil 01 na saka a kan zTscoder.exe. Shi ne dai injin da ke aikin ko da danna sau biyu ka yi, don haka wurin da na samar shi ne maganin. Da ya wuce talatin abokina yana min magana ban ji ba. Da ya wuce sittin na fara salati. Minti ashirin da biyar ya gama, bidiyo megabait 900, murya kaɗai wajen 70.

Sai kuma matsewa, don ba wanda zan ce ya sauke megabait 900 da datarsa. Na jefa a HandBrake, manhajar matse bidiyo, da saitin da ya zo da shi, abin mamaki ya fito ya fi asalin girma, saboda bidiyon Zoom dama a matse yake. Na sauko zuwa 360p ya yi ƙanƙanta sosai, amma da na kai wajen da Malam ya ɗora shafi sai wasullan suka narke, ba ka bambance fataha da kisira, ɗigon harafin ba da na harafin ya sun haɗe. Karatun da ba a ganin rubutu ai an cuci ɗalibi. A 480p, saitin inganci RF 28, firem 15 a daƙiƙa na tsaya, tunda Malam a zaune yake ba gudu ake ba. Ya fito megabait 260, kuma na karanta layin ƙasa na shafin a wayata ba tare da na zuƙo ba. Wannan kam na ji daɗinsa har raina.

Muryar na tura WhatsApp a matsayin takarda, mafi yawa ita suke so su saka a kunne a hanya. Bidiyon na ɗora a Telegram tunda yana ɗaukar har gigabait 2. Google Drive na daina zuba karatu a ciki tun bara, gigabait 15 ɗin kyauta tare ake rabawa da Gmail, na cika shi da bidiyo saƙonni suka daina shigo min.

Tsarin da na ce zan yi tun azumi na sake wa kowane fayil suna da lambar darasi da babi, na kai darasi na 19 na tsaya, sauran duk suna nan da sunan lambobi. Batir kuma sai ƙarshen wata. Asabar ɗin nan dai a ɗakin abokina zan ɗauki karatu, na riga na gaya masa ya bar min soket ɗin kusa da taga.