Ranar da na kulle jadawalan direbanmu

Laraba, Sakkwato.

Na fito daga gida a Mabera bayan sallar asuba da niyyar yin aikin da na yi zaton ba zai wuce awa ɗaya ba, domin a ƙarshen watan Afrilu duk mai son yin aikin da ke buƙatar natsuwa a garin nan ya san sai ya riga rana, kafin zafi ya haura digiri 40 kwanon shago ya fara huci. Sana'armu ita ce haɗa ƙananan akwatunan da ke kula da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, waɗanda manoman fadama suke saye a hannunmu. A cikin kowane akwati akwai 'yar kwamfuta mai aiki da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, da kuma 'yar na'urar awo da ke faɗa mata yawan wutar da famfo yake ja. Direban, wato 'yar manhajar da ke tsakanin kanel (zuciyar Linux, mai kula da duk kayan kwamfuta) da wannan na'urar awo, ni na rubuta shi da hannuna shekara uku da suka wuce, kuma tun makon jiya nake da ƙudurin in koma in sa kalmar const, wadda a harshen rubuta manhaja na C take nufin abin da ba a sauyawa, a gaban duk jadawalan da ke cikinsa domin in kulle su.

Ƙanena, wanda yake koyon aiki a wurina tun da ya gama sakandare, ya riga ni buɗe shago. Da ya ga abin da nake shirin yi sai ya ce, "Yaya, tunda ba wanda ka taɓa wanga jadawali, don mi za a kulle shi?" Tambayar ta dace, saboda haka na jawo masa kujera na yi masa bayani a tsanake, kuma ina son in rubuta bayanin a nan tun yana sabo a kaina.

Kowane direba a kanel yana ɗauke da jadawalin da ke bayyana irin na'urorin da ya san yadda ake magana da su. Direban katin da ke kan layin PCI yana jera lambar kamfani da lambar na'ura, kamar 0x10ec ta Realtek ko 0x8086 ta Intel, direban USB ma yana da irin nasa, namu kuwa, da yake firosesar kwamfutarmu, wato ƙwaƙwalwarta, irin ta ARM ce, yana amfani da jadawalin of_device_id, wanda ke jera sunayen da kanel zai kwatanta da abin da aka rubuta a bayanin kayan akwatin. Layin ƙarshe na jadawalin a kullum fanko ne, domin da shi kanel yake gane cewa jerin ya ƙare. Akwai kuma jadawali na biyu da ya fi wannan haɗari, wato wanda ke riƙe da adireshin ayyukan direba: wannan shi ne aikin karanta awo, wancan shi ne aikin saita na'ura. Kanel ba ya tambayar kowa kafin ya bi irin wannan adireshi. Abin da ya tarar a rubuce, can zai nufa, kuma zai aiwatar da abin da ya samu a can da cikakken ikonsa.

Na yi wa yaron misali da abin da ya sani tun yana makarantar allo. Allo an yi shi ne domin a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, amma littafin da malam yake dubawa ya gyara wa almajiri karatu ba a wanke shi, domin idan ya sauya babu sauran abin da za a auna karatun da shi. Jadawalin da ba a sa masa const ba, kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa abin da muka rubuta ta mai da shi yaren da kwamfuta ke ji, tana ajiye shi a sashen .data, inda ake ajiye abubuwan da ke sauyawa, wato a kan allo. Idan aka sa masa const, sai ya koma sashen .rodata, kuma daga nan kanel yana alamta shafukan ma'adanar da wannan sashe yake ciki, masu bayit 4096 kowanne, da cewa na karatu ne kaɗai. Daga wannan lokaci firosesa da kanta ce ke gadin wurin, ba kyakkyawar niyyar mai rubuta manhaja ba. Na buɗe masa saƙonnin tashin kanel a kwamfutata ta hannu na nuna masa layin da ke sanar da cewa an hana rubutu a sashen bayanan karatu, har da girman sashen a rubuce.

Na fara da jadawalin sunaye, kuma ya tafi lami lafiya kamar yadda na zata, domin gurbin da kanel yake karɓar wannan jadawali da ma an ayyana shi a matsayin na abin da ba a sauyawa. Na harhaɗa direban, na auna shi da umarnin size kafin gyara da bayansa, sai na ga bayit 600 sun bar ɓangaren data sun koma ɓangaren text, wanda a lissafin wannan umarni ya haɗa da bayanan karatu kaɗai. Lissafin ya fita daidai: kowane layi na of_device_id a kwamfuta mai bit 64 bayit 200 ne, mu kuwa muna da layi biyu na na'urorinmu da na ukun da yake fanko.

A jadawali na biyu ne aikin awa ɗaya ya zama na yini guda. Ina sa const na sake harhaɗawa, sai kwamfaila ta tsaya ta ƙi ci gaba, ta nuna mini layi guda a cikin aikin probe, wanda kanel yake kira duk lokacin da ya gano na'urar da ta dace da direba, ta ce a nan ana ƙoƙarin yin rubutu a cikin abin da aka ayyana na karatu ne kaɗai. Na duba layin na daɗe ina kallonsa. Muna da samfuri biyu na na'urar awo, tsoho da sabo, kuma ba iri ɗaya suke lissafa awonsu ba. A lokacin da sabon samfurin ya zo, maimakon in yi masa jadawalinsa daban, sai na rubuta cewa idan probe ya tarar da tsohon samfuri ya sauya adireshin aikin karanta awo a cikin jadawalin ya mai da shi na tsohon. Jadawalin kuwa guda ɗaya ne tak ga direban baki ɗaya, duk na'urorin da ke cikin akwati shi suke dubawa. Muddin na'ura ɗaya ce a akwati, babu abin da zai bayyana. Amma idan aka haɗa tsohuwa da sabuwa a akwati ɗaya, da zarar an gano tsohuwar, sabuwar ma za a riƙa karanta ta da lissafin tsohuwar.

Nan take na tuna da wani dattijo mai gonar albasa a wajen Kwalkwalawa, wanda muka ƙara wa famfo na biyu a ranin bara, muka sa sabuwar na'urar awo kusa da tsohuwar. Sau biyu yana zuwa shago yana cewa famfon yana tsayawa da rana tsaka alhali rijiya da ruwa, ni kuma sau biyu ina ce masa, "Baba, ƙura ce ta rufe faifan sola, a riƙa gogewa," har na sauya masa waya ban karɓi ko kwabo ba, ina ganin na kyautata masa. Akwatin yana kashe famfo ne idan awon wuta ya nuna alamar famfon yana juyawa babu ruwa, kuma awon da yake gani ba na gaskiya ba ne. Laifin nawa ne, kuma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin na san abin da ake nufi da albasa ta kwana biyu ba ta sha ruwa ba a irin wannan zafi, na kuma san cewa mutumin bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Bayan azahar wuta ta ɗauke, muka koma kan batir, na zauna neman gyaran da ya dace. Da farko na yi tunanin alamar __ro_after_init, wadda ta shiga kanel a siga ta 4.6 a shekarar 2016, kuma aka yi ta domin bayanan da ake rubutawa sau ɗaya a lokacin tashi sannan a kulle su. Na ajiye wannan tunani da wuri, saboda dalili biyu. Ana iya kiran probe bayan an gama tashi, lokacin da wurin ya riga ya kullu, sannan ko da ba haka ba alamar ba za ta warware ainihin matsalar ba, tunda jadawalin zai ci gaba da zama ɗaya ga na'urori biyu mabambanta. Akwai kuma hanyar ha'inci, wato a tilasta wa kwamfaila ta manta da const a wannan layi kaɗai, kuma harshen C yana barin mutum ya rubuta hakan. Gyaran gaskiya shi ne jadawali biyu, kowanne da const ɗinsa, ɗaya na tsohon samfuri ɗaya na sabo, sannan a rataya adireshin kowanne a gurbin data na layinsa a jadawalin sunaye, ta yadda probe zai ɗauko wanda ya dace da device_get_match_data ya ajiye shi a cikin bayanan wannan na'ura ita kaɗai. Gyaran bai kai layi talatin ba.

Hanyar ha'incin nan kuwa na gwada ta da gangan a akwatin gwaji, domin ina son ƙanena ya gani da idonsa. Na rubuta layin da ke kauce wa kwamfaila ya yi rubutu a cikin jadawalin da aka kulle, na loda direban, sai kanel ya katse aikin nan take ya zubo rahoton kuskure a kan allon kwamfuta, yana faɗin cewa an nemi yin rubutu a wurin da aka hana, da adireshin wurin, da sunan aikin da ya yi yunƙurin. Yaron ya matso da fuskarsa kusa yana bin layukan da yatsa har ya kai kan sunan probe ɗinmu, sannan ya ce, "Ashe da haka yake tun farko, da tun ranar farko mun gani." Na ce masa haka ne, kuma abin da ya sa hakan ke aiki ga direban da ake lodawa daga baya shi ne zaɓin CONFIG_STRICT_MODULE_RWX, ɗan'uwan CONFIG_STRICT_KERNEL_RWX; wannan na biyun kafin siga ta 4.11 a 2017 ana kiransa CONFIG_DEBUG_RODATA ne. Tsohon sunan yana sa mutane su ɗauka kayan binciken kuskure ne da za a iya kashewa a na'urar da ta fita kasuwa, shi ya sa sauya sunan ya yi ma'ana. Na duba saitin kanel ɗin da muke sakawa a akwatunanmu na tabbatar duka biyun a kunne suke.

Masu kula da kanel sun daɗe a kan wannan aiki. Tun 2006 Arjan van de Ven ya bi jadawalan file_operations, masu riƙe da adireshin ayyukan fayil, yana sa musu const, masu shirye-shiryen ƙara wa kanel tsaro na PaX da grsecurity suka yi wa kwamfaila ƙarin da ke kulle irin waɗannan jadawalai da kansa, sannan a 2015 Kees Cook ya ƙaddamar da shirin sa kanel ya riƙa kare kansa, wanda a ƙarƙashinsa wasu daga cikin waɗannan dabaru suka shiga babban kanel. Manhajar Coccinelle, wadda Julia Lawall take jagoranta a Faransa, tana iya bin dubban fayiloli ta zaƙulo jadawalan da ba a taɓa yin rubutu a cikinsu ba, kuma da ita Bhumika Goyal ta yi aikin kulle jadawalai masu yawa a 2016 da 2017. Dalilinsu na farko tsaro ne, domin wanda ya sami ɓarakar da za ta ba shi damar rubuta bayit takwas kacal a ma'adanar kanel, abin da zai fara nema shi ne adireshin wani aiki da zai sauya ya karkatar da kanel zuwa inda yake so. A ganina bai kamata a kambama kariyar fiye da ƙimarta ba, tunda manunin da ke nuna jadawalin yana zaune ne a cikin bayanan na'ura da ake iya rubutawa, kuma mai mugun nufi zai iya komawa kansa. Abin da const take yi shi ne rage yawan ƙofofin da ke buɗe. Mu kuwa da akwatunanmu suke cikin gonaki, yawancinsu ba su ma taɓa hawa intanet ba, amfanin da na gani yau ya fi kusa da wannan, domin kalmar ta tilasta mini amsa tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba, wato wane ne yake rubutu a wannan jadawali, kuma a wane lokaci.

Kafin magariba na haɗa tsohuwar na'urar awo da sabuwa a akwatin gwaji, na ɗora musu kaya iri ɗaya, na kwatanta abin da suke nunawa da mitar hannu. Da tsohon direba, sabuwar na'urar ta kauce wa mitar sosai, da gyararren direba kuwa duka biyun suka daidaita da ita. Na sake kunna akwatin sau biyar, na kuma sauya jerin yadda ake gano na'urorin, awon bai motsa ba. Daga nan na buɗe littafin da muke rubuta aikin kowane mai saye, na fitar da sunayen duk waɗanda muka haɗa wa samfuri biyu a akwati ɗaya, suka kama mutum huɗu.

Na kira dattijon bayan isha'i, muka gaisa, na ce masa, "Baba, matsalar famfon nan daga wurina take, ba daga faifanka ba, kuma na gano ta." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ba komai, Allah Ya sa a dace, ya kuma tambaye ni ko zan iya zuwa da sassafe kafin ya kunna famfo. Na kwafi gyararren direban a katin ajiya guda huɗu, na sa mitar hannu da sukudireba a jaka, ƙanena kuma zai zo da babur ƙarfe shida mu fara da gonarsa.