Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da aka sa sansaninmu a kasuwa

A makon jiya na tsaya a inda wasiƙar nan ta iso, ƙarshen 2021. Layi biyar ne kacal: majalisar sikawut ta yankinmu za ta rufe sansanin da nake wa girki, kuma za ta sayar da filin.

Masu bin labarin nan tun farko sun san a can na fara cin gumina a Amurka, daga wankin tukwane har aka ba ni murhu. Daga Yuni zuwa Agusta yara ke zuwa rukuni-rukuni, su kwana a tanti a bakin tafki. Akwai tukunya guda da na ware, ban taɓa bari naman alade ya shige ta ba. Yaran suka raɗa mata suna tukunyar Alhaji, ni kuwa a lokacin ko Jidda ban taɓa takawa ba.

Na miƙa wa maiɗakina takardar. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ba kai ka ce mini kyauta wani attajiri ya ba su filin ba? Ai waƙafi ne. Ana sayar da waƙafi?"

Da wannan maganar tata na tafi taron da aka kira a zauren wata majami'a. Kowa ya san tushen abin. A Fabrairun 2020 uwar ƙungiyar, Boy Scouts of America, ta je kotu a jihar Delaware ta ce bashi ya fi ƙarfinta, saboda ƙararrakin mutanen da aka yi wa lalata suna yara. Sama da mutum 82,000 suka shigar da buƙatar diyya. Asusun da kotu ta amince da shi a 2022 ya kai dala biliyan 2.46, kuma aƙalla miliyan 515 daga majalisun yankuna zai fito. Majalisun nan kuwa arzikinsu ba a banki yake ba, daji ne da tafki.

Taro ya yi zafi. Wata tsohuwa ta zo da hoton mahaifinta yana kafa rumfar cin abinci, hannunta na rawa. Wani ya ce tun kafin shari'a shugabanni ke neman hanyar rabuwa da sansanin, don yara sun ragu, rufin ɗakuna na yoyo, kuɗin inshora na hawa. Shi ma'aji sai jera lissafi yake ta yi, kamar an tambaye shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, an riga an gama magana da dillali kafin a tara mu. Shawarar me kuma ake nema?

Har na ɗaga hannu zan yi batun waƙafi, sai wani dattijo da ke can baya ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yana cikin 82,000 ɗin nan, kuma shekara 50 ke nan ba ya iya kwana a tanti. Ya zauna. Na sauke hannuna a hankali, na rasa inda zan sa shi.

Daga baya na ji a jihar Connecticut mutanen gari sun yi karo-karo, wata ƙungiyar sa-kai ta sayi sansanin Deer Lake a kan dala miliyan 4.75, aka fasa sayar wa mai gine-gine. Mu ma mun gwada. Abin da muka tara bai kai kuɗin hanyar shiga ba.

Ranar kwashe kaya na roƙi a bar mini tukunyar. Mai kula da wurin ya ce tana cikin lissafin kadarori, sai na biya. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.